Ido, Wa Ka Raina?

Akwai wani ɗan yayata, tela ne, yana zaune a Mabera, shagonsa kuma yana cikin gari wajen Tsohuwar Kasuwa. Shekara biyu da suka wuce ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi ya yi karo da wata mota a shatale-tale. Allah ya taƙaita, babu karaya, sai ƙujewa a gwiwa da fashewar leɓe, cikin mako biyu ya warke. Amma tun daga ranar bai sake ɗora ƙafa kan babur ba. Da ƙafa yake zuwa shago, da ƙafa yake komowa, har cikin watan Afrilu lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kwalta na tururi. In an yi masa magana sai ya ce motsa jini yake yi. Daga baya abin ya haɗa da Keke Napep, har ya kai in zai tsallaka titi sai ya daɗe a tsaye yana jiran a ɗauke ƙafa gaba ɗaya.

Gida ya rabu biyu a kansa. Mahaifiyarsa ta ce a ƙyale mata ɗa: "Ku bar shi hakanan, wanda yag ga mutuwa da idonai ba a matsa mai." Ita ce ke tura ƙannensa duk wani aike da ke buƙatar abin hawa. Baffansa kuwa ya ce ragwanci ne kawai, namiji da tsoron babur, a ɗora shi a zagaya gari da shi sau ɗaya magana ta ƙare. An gwada. Kafin a kai kwanar layi ya dira, jiki na ɓari, ya kwana biyu bai leƙa waje ba.

Dukansu ƙaunarsa suke yi, kuma dukansu tsoron suke yi wa kiwo ba su sani ba. Irin wannan tsoro da ya wuce kima, ya manne wa abu guda, ya shiga tsakanin mutum da neman abincinsa, shi likitoci ke kira fobiya. Yana cikin dangin cututtukan fargaba, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 na fama da su a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Abin takaicin shi ne fobiya na cikin waɗanda aka fi sanin lagonsu.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa gadi. Maigadi ne mai saurin busa usur. Da ya hango abin da ya yi kama da haɗari ba ya jiran shawara: sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya yi sama-sama, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, jini ya koma manyan tsokoki don gudu ko faɗa. Baiwa ce, ba don ita ba da kakanninmu ba su tsira daga kura da kububuwa ba. Aibin maigadin shi ne yana ɗaukar darasi da wuri, ya kuma faɗaɗa shi fiye da inda ya tsaya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. A 1920 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Watson, da abokiyar aikinsa Rosalie Rayner, sun nuna haka a kan wani jariri: duk sanda ya miƙa hannu zai taɓa farin ɓera sai su buga ƙarfe a bayansa. Ba a daɗe ba ya fara kuka da ganin ɓeran kaɗai, har da zomo. Yau dai babu jami'ar da za ta yarda a yi wa ɗan mutane haka.

Ba kowane tsoro ne ke da ranar haihuwa irin na telan nan ba. Wata tun tana ƙarama ta ga uwarta na tsalle in tsaka ta faɗo daga rufi, wani labari kawai ya ji. Amma ƙofar da tsoro ya shigo ba ta kai abin da ke riƙe da shi muhimmanci ba, abin da ke riƙe da shi kuwa gudu ne.

Ka ɗauki safiyar da telan ya fito ƙofar gida, ɗan kabu-kabu ya tsaya ya yi masa hon. Gabansa ya faɗi. Ya ɗaga hannu ya ce a'a, ya kama hanya da ƙafa, cikin minti biyu ƙirjinsa ya yi sanyi. Wannan sanyin daɗi gare shi, kuma a cikinsa dafin yake. Ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa mun ƙi hawa mun tsira, ba ta samu damar ganin cewa da ya hau ɗin ma mai yiwuwa ƙwarai lafiya lau zai sauka ba. Gobe usur ɗin zai fi ƙara. Wani masani ɗan Amurka, Hobart Mowrer, shi ya tsara wannan bayani a shekarun 1940: tsoro na shiga ne ta haɗa abu da wahala, yana samun wurin zama kuwa saboda ladan sauƙin da gudu ke biya nan take. Shi ya sa tausayin yayata ya zama kamar bashi da ruwa, yau an huta, gobe abin biya ya ƙaru.

Hanyar baffa kuma wani dalilin ne ya kayar da ita. An ɗora yaro ba da yardarsa ba, ya dira tsoro na kan ganiyarsa. Darasin da ya kwasa shi ne babur ya fi yadda yake zato muni, mutanen gida ma ba abin saki jiki da su ba ne. Gaskiya akwai salon magani da ake jefa mutum kai tsaye cikin abin da yake tsoro, amma da amincewarsa ake yi, a gaban ƙwararre, kuma ba a tashi sai guguwar ta lafa. Baffa rabin wannan ya yi, rabin da ke cutarwa.

A 1924 wata matashiyar mai bincike a birnin New York, Mary Cover Jones, ta samu wani yaro ɗan kusan shekara uku mai tsoron zomo. Sai ta riƙa zaunar da shi ana ba shi abincin da yake so, zomon na cikin keji can nesa inda ba zai hana shi ci ba. Kullum a ɗan matso da kejin. A ƙarshe yaron na shafa zomon, har yana barinsa ya ɗan gatsi yatsunsa. Aikin nata ya kwanta shekaru da dama ba a cika waiwayarsa ba, sai da Joseph Wolpe ya zo. Likita ne ɗan Afirka ta Kudu da ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga sojoji masu firgicin yaƙi waɗanda maganin zamanin bai yi musu amfani mai ɗorewa ba. Ya koma ya yi gwaji da kyanwoyi: ya razana su da lantarki a cikin wani keji har suka ƙi cin abinci a ciki duk da yunwa, sannan ya fara ciyar da su a ɗakin da bai yi kama da wurin ba, yana matsowa da su ɗaki bayan ɗaki har suka koma ci a cikin kejin. Littafinsa ya fito a 1958, hujjarsa kuwa ita ce jiki ba ya zama a sake kuma a firgice a lokaci guda, in ɗaya ya shigo ɗayan zai fita. Tunda babban mutum ba a lallashinsa da alewa, sai ya aro dabarar sassauta tsoka da likita Edmund Jacobson na Chicago ya wallafa a 1929.

Kafin wani ya ce duk wannan kayan Turawa ne: Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus cewa ana kwantar da firgici da sanin haƙiƙanin abin da ake tsoro, da kuma tilasta wa ido da kunne su riƙa haɗuwa da shi a kai a kai har su saba. Duk mai kiwon doki a garin nan ma ya san haka bai buɗe littafi ba. Dokin da zai shiga taron Sallah, ga kiɗa ga algaita ga ƙarar bindiga, ba ranar ake fara kai shi ba. Daga nesa ake fara jiyar da shi ana shafa wuyansa. Ido, wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe.

A aikace ana farawa da koyon sakin jiki. Mutum ya kishingiɗa wuri mai shiru, bayan Asuba ko bayan Isha'i, ya dunƙule hannu da ƙarfi kamar daƙiƙa biyar zuwa bakwai, ya lura da ɗaurin, sannan ya saki gaba ɗaya na kamar daƙiƙa ashirin ya lura da bambancin. Haka zai bi damtse, goshi, muƙamuƙi, kafaɗu, ciki, cinya, har yatsun ƙafa. Mai fargaba ya daɗe jikinsa a ɗaure har ya manta yadda sakakken jiki yake, sai ya ɗaure da gangan kafin ya gane saki. Numfashi kuma a ja ta hanci har ciki ya taso, a fitar a hankali fiye da yadda aka ja. Haki da sauri yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, shi ke kawo jiri da jin kamar kiyashi na tafiya a yatsu da leɓe. Duk wannan ana koyonsa ne lokacin da hankali ke kwance, mako ɗaya ko biyu, don ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife.

Sai a gina tsani. Mai tsoron da kansa zai lissafa yanayi goma zuwa goma sha biyar, ya ba kowanne maki daga sifili zuwa ɗari gwargwadon yadda yake tayar masa da hankali. Telan ya ba tsayawa kusa da babur a kashe cikin zaure 20. Zama a kansa a kashe, 35. Zama an tayar da inji ba a motsa ba, 50. Daga ƙofar gida zuwa ƙarshen layi bayan abokinsa da ya yarda da tuƙinsa, 60. Can sama, a 100, shatale-talen da abin ya faru, da yamma lokacin tashin kasuwa, bayan ɗan kabu-kabun da bai sani ba.

Ana farawa daga matakin da ke da ɗan ciwo amma ana iya jurewa, a zauna a kai minti ashirin, talatin, ko fiye. Tsoron zai hau. Nan mutane ke karaya, don suna zaton zai yi ta hawa ne har zuciya ta buga. Jiki ba ya iya riƙe wannan tashin har abada, yakan kai ƙololuwa, ya tsaya, ya fara gangarowa. A maimaita gobe, a maimaita jibi, har matakin ya zama abin gundura, sannan a taka na gaba. Linzamin kuwa a hannun mai tsoron yake, ba a yi masa ba-zata, ba a yi masa dariya.

Masana sun yi sa-in-sa a kan wane ɓangare ne ainihin maganin. Wolpe a zuci yake sa mutane hawa tsanin: ido a rufe, jiki a sake, ana suranta abin. Binciken da ya biyo baya, ciki har da na Isaac Marks a asibitin Maudsley na Landan a shekarun 1970, ya nuna tunkarar abin a zahiri ta fi surantawa aiki, kuma ko an cire sakin jikin gaba ɗaya mutane na warkewa. Wato tunkarar ce tuwo da miya, sakin jiki man shanu ne da ake ɗigawa a kai. Lars-Göran Öst na ƙasar Suwidin ya ma nuna cewa tsoron abu guda, irin gizo-gizo ko allura, ana iya karya shi a zama ɗaya na kimanin awa uku. Daga 2008 kuma Michelle Craske da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka ƙara gyara fahimtar. A ganinsu saukar tsoro a lokacin zaman bai isa ma'aunin nasara ba, abin da ke warkarwa shi ne mutum ya yi hasashen bala'i, ya tsaya, bala'in ya ƙi zuwa. Don haka kafin a taka mataki sai a tambaye shi me yake jin zai faru. Ya ce zai suma ya faɗo. Kashi nawa cikin ɗari? Ya ce tamanin. Bayan an sauka a sake tambaya: to, ka suma? Tazarar da ke tsakanin zatonsa da abin da ya auku ita ce ke zama a ƙwaƙwalwa.

Wannan ya bayyana abin da ke karya wa mutane gwiwa daga baya. Tsohon tsoron ba gogewa yake yi ba, sabon sani ake ɗorawa a kansa. Shi ya sa yakan leƙo bayan watanni, ko a baƙon wuri, ko lokacin da mutum ke cikin wata damuwar daban. Masani Pavlov na Rasha ya ga irin wannan dawowar tun a karnukan da yake gwaji da su. In ya leƙo sai a koma tsani, kuma karo na biyu ya fi sauri. Saboda haka ma ake son a riƙa sauya hanya, lokaci, babur da mai tuƙi, don kada sabon sanin ya tsaya a layi ɗaya.

Akwai kuma gudun da ba a gani. Mutum ya hau amma ido a rufe, ko ya ƙanƙame mai tuƙi, ko sai da ƙwaya a aljihu, ko sai wansa na biye da shi. Ya sauka lafiya ya ce ai don na rufe ido ne. A nan nake ganin sakin jiki kansa kan zama tarko: in mutum ya ɗauka numfashin ne ya hana shi mutuwa, ya mayar da shi laya. Ni dai ra'ayina a koya shi, don yana ba mutum ƙarfin halin taka matakin farko, kuma ga mai zullumin yau da kullum, wanda tunani ke hana barci ba tare da abu guda da zai nuna da yatsa ba, amfaninsa na gaske ne. Amma a ajiye shi sannu-sannu, kamar sanda bayan ƙafa ta warke.

Wuri ɗaya ma sakin jikin illa yake yi. Mai tsoron jini da allura jikinsa daban yake amsawa: bugun zuciya ya hau, sannan ƙarfin jinin ya faɗi, ya sume. Ma'aikatan ɗakin awon ciki sun san matan da ke zamewa ƙasa in an zo ɗibar jini, sun kuma san waɗanda ke daina zuwa awon saboda haka. Irin wannan kishiyar saki Öst ya tsara masa: ya ɗaure tsokokin hannu, ƙafa da gangar jiki daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar har ya ji ɗumi ya hau fuskarsa, ya ɗan sassauta, ya maimaita sau biyar. Mai hawan jini da mai juna biyu su fara tambayar likita.

Wani kuma abin tsoronsa a cikin jikinsa yake. Yana zaune ƙalau sai faɗuwar gaba ta taso masa, ƙirji ya ɗaure, ya tabbata ajali ne, bayan 'yan mintuna abin ya lafa. Ya bi kemis-kemis ana auna masa jini, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu. Dole a fara da asibiti a duba zuciya, asma, ƙarancin jini da makamantansu. In an tabbatar lafiya, da alamomin jikin ake gina nasa tsanin: gudu a tsaye har zuciya ta yi sauri, juyi har jiri ya zo, don ya gane bugun zuciya ba sallama da duniya ba ne.

Wanda ya yi karatun zaure zai ga abin da ya sani a nan. A Ahalari, littafin da yaran garin nan ke karantawa tun suna ƙanana, an ce mai waswasi ya bar waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kai, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Wato ya zauna da shakkar ya ƙi biya mata buƙata. A 1966 Victor Meyer a Landan ya fara yi wa masu cutar maimaita wanki da dube-dube magani a kan irin wannan ƙa'ida, a tunkari abin a hana maimaitawar, kuma har yau ita ce kan gaba a maganin cutar. Ban ce malaman fiƙihu likitanci suke yi ba, amma sun lura cewa shakkar da ake yi wa biyayya ƙiba take yi. Masu cewa tsoro raunin imani ne kuwa su koma Suratul Ƙasas, inda Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya juya da gudu bai waiwaya ba da sandarsa ta motsa kamar maciji, aka ce masa ya fuskanto kada ya ji tsoro.

Sai dai a Sakkwato ta yau dole a tace kafin a gina wa kowa tsani. Mutumin Sabon Birni ko Isa da ke fargabar bin hanya bayan La'asar lissafinsa daidai ne. Wanda ya ƙi shiga kwale-kwalen da aka cika maƙil babu rigar ruwa, bayan haɗurran da aka gani a yankunan Shagari da Goronyo, hankali ya yi. Ko babur ɗin ma yana kisa, abin da ake nema shi ne tsoron telan ya dawo daidai da girman haɗarin: ya zaɓi mai tuƙi mai natsuwa, ya iya cewa a rage gudu, ya sa hular kwano. Wanda kuwa 'yan bindiga suka taɓa ɗauka, ko aka kashe nasa a gabansa, yana mafarkin abin, yana zabura da jin ƙarar babura, nasa ya wuce tsanin cikin gida. Akwai salon wannan magani da wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Edna Foa, ta tsara don irinsu, amma aikin ƙwararre ne. Ɗan'uwa mai kyakkyawar niyya da zai ce "zauna ka ba mu labari" yana iya fama masa miki.

Ƙwayar baliyam da danginta da ake nema a kemis suna kashe fargaba cikin ɗan lokaci, amma jiki na sabawa da su, barinsu na da wuya, kuma wanda ya hau tsani a kansu ga ƙwayar zai jingina nasarar. Daban suke da magungunan da likita ke rubuta wa mai fargaba mai tsanani, waɗanda sai sun yi makonni kafin su fara aiki. Likitocin suna nan a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai dai mun mayar da "a kai shi Kware" zagi, har mai faɗuwar gaba ya gwammace ya ƙare kuɗinsa a wasu wurare da a gan shi a hanyar can. Kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, don haka tsoro mai sauƙi irin na telan nan yawanci a gida za a yi aikinsa, da mataimaki mai haƙuri.

Da damina muka fara. Kwanakin farko yakan zauna kan babur ɗin abokinsa a zaure da riga a hannu yana ɗinka maɓalli, wai don kada zaman ya tafi a banza. Sai da muka karɓe rigar, don gangar jikinsa ce kawai ke kan babur ɗin. Wadda ta fi shan wahala yayata ce, da aka roƙe ta ta daina tura ƙannensa. Ranar da ya ce mata "Inna, bari in tai da kaina," a bakin ƙofa ta tsaya har ya dawo. Yanzu da kabu-kabu yake zuwa shago da safe. Da yamma har yau yakan sauka kafin shatale-talen ya tsallaka da ƙafa, ya ce makin wurin ya sauko daga 100 zuwa 60. Baffansa kuwa yana nan kan bakansa, wai da an bar masa shi da rana ɗaya ta isa.